Amsoshin Tambayoyinku: Kakana Mai Zaman Ribaɗi, Soja Ne Ko Ɗan Sa-kai?

TAMBAYA: Ni mutumin Ruwan Gizo ne a ƙasar Talata Mafara. Tun muna yara, in kakana, Allah ya jiƙansa, ya ga muna tsoron fita da dare, yakan ce, “Ku bar ba ni kunya, mu ɗiyan 'yan baka na.” Ya ce kakansa ya yi zaman ribaɗi, yana tsaron iyaka lokacin da ake yaƙi da Gobirawa, kuma har yau akwai wani tsohon kwari a gidanmu da ake cewa nasa ne. Kwanan baya gardama ta kaure a majalisarmu. Wani abokina da ya zauna Maraɗi ya ce a can Gobirawa da Katsinawan Maraɗi ake ɗauka masu yaƙin ƙwatar 'yanci, kakanninmu kuwa 'yan mamaya. Wani kuma ya ce kakan nawa ɗan sa-kai ne kawai irin na yau. Malam, mene ne zaman ribaɗi? Soja ne shi ko ɗan sa-kai? Ana biyansa? Wa ke neman 'yanci daga hannun wa? Kuma a ina zan ga sunansa a rubuce?

AMSA: Allah ya jiƙan kakanka, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, a ɗauke kwarin nan daga inda gara da yoyon damina za su same shi. In da sauran kibiya a ciki kada a bar yara su taɓa tsininta, dafin mutanen da ba abin yi wa ganganci ba ne.

A dunƙule, ɗan'uwa, kakan naku manomi ne da aka rataya wa baka. Ba shi da bariki, ba ya sa kaki, ba ya jiran ƙarshen wata, don haka sunan soja bai zauna masa ba. Ɗan sa-kai kuwa sunansa ya faɗi halinsa, shi ya sa kansa. Naku sa shi aka yi, domin a garin iyaka duk baligi mai lafiya mayaƙi ne, ya so ko bai so ba. Amma ba za ka gane aikinsa ba sai ka san abin da ya mai da ƙasarku bakin daga.

Yau in aka ce iyaka hankali yakan tafi Jibiya ko Illela, wurin shinge da 'yan kwastan. A ƙarni na 19 iyaka daji ce. Tsakanin garuruwan da ke bin Sakkwato da waɗanda suka ƙi bi akwai dazuzzuka masu faɗi da ba mai kwana cikinsu sai maharbi da ɗan hari. Babbansu a arewacinku shi ne dajin Gundumi. Bature Barth, da ya ratsa shi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, sai da ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba zango, don tsoron Gobirawa. Wanda bai yarda da Gundumi ba sai ya biyo ta kudu, ta bakin Gulbin Sakkwato, inda Gandi da Bakura da Mafara da Maradun suke jere. Hanyar fatake ke nan, hanyar manzanni da masu kai gaisuwa daga gabas. Ƙasa ce kuma mai fadama da dawa da auduga. Duk inda abinci da hanya suka haɗu, mahara ba sa rasa dalilin zuwa.

Zamfara ta riga jihadi shiga wahala. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka gina Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa, gidan sarautar Zamfara ya shiga yawo daga Kiyawa zuwa Sabon Gari zuwa Ruwan Gora, nan maƙwabtanku, kafin ya tare a Anka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, kuma Faru ta ƙasar Maradun na cikin wuraren da ya zauna. Da yaƙi ya tashi a 1804, Zamfarawa da yawa suka karɓi Jama'ar Shehu hannu biyu, wasu don addini, wasu don tsohon haushin Gobir. A 1805 rundunar ta yi sansani a Sabon Gari. Lokacin yunwa ne, mayaƙa suka auka wa rumbunan masu masauki, zumunci ya yi tsami. Muhammadu Bello ɗan Shehu da kansa bai ɓoye ba a Infaƙul Maisuri cewa zaluncin wasu daga cikin mutanensu ne ya juya zukatan Zamfarawa. Da Shehu ya rasu a 1817 sai ƙasar ta kama da wuta. Malam Abdussalami ya yi tawaye a Kware, aka ci garin, ya gudo da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Banaga ɗan Bature na Morai, wadda ke ƙaramar hukuma ɗaya da ku, ya daɗe yana hana Sakkwato barci. Ka ga tun daga nan maganar “kakanninmu” ta fara rikicewa, don ƙasar Mafara ta ba kowane ɓangare mayaƙa.

A arewa kuma ga waɗanda aka kora daga gadajen sarautarsu. Katsina ta faɗi a 1807, ragowar gidan sarautar suka yi gudun hijira har Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi wajen 1819. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, amma Gobirawa ba su ajiye makami ba. A 1836 suka haɗa kai da Maraɗi da wasu Abzinawa, Bello ya gamu da su a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda. Kowa ya ce magana ta ƙare. Ba a jima ba sarkin Gobirawa Mayaƙi ya kafa Tsibiri dab da Maraɗi, aka koma ruwa. Sarkin Musulmi Atiku daga yaƙin Tsibiri ya dawo da raunin da ya zama ajalinsa a Katuru a 1842, kabarinsa na can ƙasar Shinkafi. Daga baya Ɗan Baskore na Maraɗi ya shafe shekaru yana ratsa Katsina da Zamfara, har sunansa ya zama abin tsorata yara.

In kana son ganin tabon wannan yaƙi ba sai ka buɗe littafi ba, dubi sunayen sarautu. Akwai Sarkin Katsina a Katsina, akwai a Maraɗi, akwai Sarkin Katsinan Gusau. Akwai Sarkin Gobir a Tsibiri, akwai a Sabon Birni, da Isa, da Gwadabawa. Sarkin Kabi yana Argungu, ga kuma Sarkin Kabin Yabo. Sarkin Zamfara yana Anka, ga Sarkin Zamfaran Zurmi. Kowane suna an yi masa rawani biyu ko uku, domin wanda aka kora ya tafi da sunan, wanda ya ci ƙasar ko ya yarda ya bi Sakkwato shi ma aka naɗa shi da sunan.

To, ribaɗi shi ne maganin da Bello ya nemo wa wannan ciwo. Kalmar Larabci ce, tana nufin zaman dako a bakin iyakar Musulmi, kuma hadisin da ke fifita ribaɗin kwana ɗaya a kan azumi da tsayuwar wata guda sananne ne ga malamai. Bello ya rubuta littafi sukutum a kan ribaɗi da gadi. Ya lura cewa fita yaƙi sau ɗaya a shekara ba ta hana mahara dawowa bayan runduna ta watse. Ana lissafa masa yaƙi 47 a shekara 20 na sarautarsa, amma hakan bai rufe Gundumi ba. Sai ya shiga gina garuruwa masu ganuwa a bakin dazuzzuka da mashigai, yana ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu: Aliyu a Shinaka, Fodiyo a Lajinge, Ibrahim a Gandi. Shi kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Gidan Sarkin Kayan Maradun ma zuriyarsa ne, kuma ba don shan iska aka ajiye jinin Bello a wannan kwari ba.

Gari ba ya tsaruwa da ɗan sarki kaɗai. Sai an tara masa mutane, kuma an tara kowane iri. An lallashi Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su koyi noma, su kiwata dawaki da raƙuma saboda yaƙi. An kawo malamai da alƙali da limami, an kawo maƙera da majema da masaƙa. An zaunar da bayi su yi noma su kuma riƙe makami. Manoman da aka ƙone wa ƙauyuka sun shigo da kansu. Duk wanda ya samu fili a cikin ganuwa da gona a bayanta, bashin tsaro ya hau kansa. Tsofaffin garuruwa irin Mafara da Bakura, waɗanda suke da sarakunansu tun da, su ma haka rayuwarsu ta koma, ko an kira su ribaɗi a littafi ko ba a kira ba. Shi ya sa a bakin tsofaffi zaman ribaɗi ya fi faɗi a kan yadda yake a alƙalamin malamai.

Bari mu bi ɗan baka cikin shekararsa. Da damina yana gona, amma kwari na rataye a kafaɗa ko a reshen itacen da ke kusa, kuma ba a nisa da ganuwa sai cikin taro. Maharba, da yake sun san daji kamar tafin hannunsu, su ne idon gari. Su ke gano sawun dawakin da ba na gida ba, ko tokar wutar da aka kashe da asuba. In labari ya zo sai a buga kuge ko gangar yaƙi, mata da yara da bisashe su yo ciki, a rufe ƙofa. Kowace unguwa ta san ɓangaren ganuwar da ke wuyanta. Bayan ganuwa akwai gwalalo, bayan gwalalo akwai sarƙaƙiya da aka bari da gangan ta yi duhu, don doki ba ya kutsa ƙaya. A nan darajar ɗan baka take. Barde da ingarmansa abin tsoro ne a fili, amma a gindin ganuwa talaka mai kibiyar kyauro yakan saukar da shi. Kibiyar ba nauyi gare ta ba, ba ta ma da gashi a gindi. Ƙarfinta na cikin dafin kwankwani da ake dafawa a shafe tsininta da shi, ta yadda ƙwarzane kaɗan ya isa. Saboda ita manya ke sa wa kansu da dawakinsu lifidi mai kaurin auduga, ko sulke da kwalkwali ga mai hali. Bindiga kuwa ba ta yawaita ba sai can ƙarshen ƙarni, kuma galibi tana hannun bayin sarki.

Da kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, sai aiki ya ƙaru. A lokacin ake gayyar gyaran ganuwar da ruwa ya zaizaye, a lokacin ne kuma takardar Sarkin Musulmi ke zuwa wa sarakuna cewa a haɗu a wuri kaza. Sarki ya aika wa hakimai, hakimai su aika wa masu gari, kowa ya kawo rabonsa na mutane. Ɗan baka zai fito da makaminsa na kansa, da gorar ruwa, da guzurin da matarsa ta ɗaura masa na garin gero da ƙanzo, da layun da malamin unguwa ya rubuta. Ba mai ba shi takalmi. In guzuri ya ƙare sai abin da aka samu a hanya, kuma ka san ma'anar wannan ga ƙauyen da runduna ta kwana kusa da shi, ko da na gida ne. In yaƙi ya ja har hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ka ga sansani na raguwa da dare, don ba wanda zai bar shuka ta wuce shi saboda kewaye garin wani. Sarakunan yaƙi sun sha kuka da wannan hali, ni kuwa ban ga laifin mai gona ba.

Akwai wani hoto da nake so ka riƙe. A 1826 Bature Clapperton ya bi rundunar Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka kafe a lokacin. Ya ga barade da 'yan lifidi da tarin dakaru, aka wuni ana harbe-harbe, garin bai ciwu ba. Amma wadda ta fi burge shi a duk filin wata tsohuwa ce Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, a kan wani ramammen doki da goruna rataye, tana kai da komo tana shayar da masu ƙishi da masu rauni. Littattafanmu sun cika da sunayen masu tuta. Wannan tsohuwa ko sunanta ba a rubuta ba, kuma da Bature bai ji ƙishi ba ranar da ba mu san ta yi rayuwa ba. Shi ne kuma ya rubuta cewa ana kiran ɓangaren su Gobir da “tawaye”, kalmar da muke amfani da ita har gobe.

Batun biya kuwa, ba albashi, sai ganima. A shari'a ana fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, ga baitulmali, a raba sauran ga waɗanda suka halarci yaƙin. A mazhabar Malikiyya mai doki na da kaso uku, biyu na dokin ɗaya nasa, dakare na da ɗaya. Haka yake a littafi. A fili kuwa mai ƙarfi yakan riga rabo, kuma tun 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son dukiya ya shiga zukatan mayaƙa har ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Kuma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: mafi tsadar ganima a wancan zamani mutum ne. Maharan Maraɗi da Tsibiri in sun fasa ƙauye a Zamfara mata da yara suke kora gaba. Rundunar Sakkwato in ta ci garin 'yan tawaye haka take yi.

A nan nake son ka tsaya kan kalmar da kuka yi gardama a kanta. Mu yau in an ce 'yanci sai mu tuna 1960, da tuta da taken ƙasa, abin da aka samu a teburin shawara ba a bakin daga ba. Amma asalin kalmar daga ɗa take, kishiyar bawa. 'Yanci shi ne zama ɗa. Ga mutumin da ke tsaye kan ganuwa da dare, a Bakura yake ko a Tsibiri, 'yancin da yake karewa shi ne kada gari ya waye a ɗaura wa matarsa da 'ya'yansa igiya a wuya a nufi kasuwa da su. Wannan ya fi kusa da zuciyarsa a kan wane ne zai zauna a gadon Katsina.

Saboda haka abokinka na Maraɗi yana da rabin gaskiya. Sarakunan Maraɗi da Tsibiri da Argungu sun yi yaƙi don kada su bi Sakkwato da Gwandu, sun kuma yi nasarar ƙin bi har zuwan Turawa. In an kira wannan neman 'yancin kai ba a yi ƙarya ba. Amma a 1804, lokacin da Jama'ar Shehu suka bar Ɗegel zuwa Gudu, su ne ke ganin kansu masu kuɓuta daga hannun Yunfa. Kuma Gobir da ke kukan an ci ƙasarta, ita ta ci ta Zamfarawa shekara arba'in da 'yan kai kafin nan. Manomin ƙasar Mafara da ya harbi maharin da ya zo ƙone masa rumbu, ban san ta inda zai zama ɗan mamaya a gonar ubansa ba. Gaba kura baya sayaki, shi ne zaman Bazamfare a wancan ƙarni.

Labarin Yakubu Nabame zai nuna maka yadda layin ke da wuyar ja. An kashe ubansa, Sarkin Kabi Karari, a 1831, aka kawo shi Sakkwato ya girma a hannun gidan Bello. A zamanin Aliyu Babba Gobirawa suka kawo hari Gora, aka tura runduna da ɗan Sarkin Musulmi, Umaru, kuma ana ruwaito cewa Yakubu ne ya ceci ransa a fagen fama. Don godiya aka sallame shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tutar tawaye a Argungu, ya buɗe yaƙin da Sakkwato da Gwandu ba su ga ƙarshensa ba. Mutum ɗaya, jiya mai tsaron iyakar Zamfara, yau jagoran masu neman ɓallewa. Shi kuma Umarun da ya ceta ya zama Sarkin Musulmi a 1881, ya rasu a Ƙauran Namoda a 1891.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. In kakanka an haife shi wajen 1920, kakansa zai faɗo wajen 1850, ƙarfinsa kuma tsakanin 1870 da 1900. Bai ga Bello ba ke nan, sai dai ya ji labarinsa. Ya yi zamani da Ahmadu Rufa'i da Mu'azu da Umaru da Abdurrahman. A farkon wannan zango ana cin moriyar Lafiyar Toga, sulhun da aka ƙulla da Kabawa a 1867, amma ta arewa hari bai tsaya ba. Kuma ga abin da ban sani ba ko an faɗa maka a gida: a 1891 Talata Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, tawaye, rundunar Sakkwato ta zo ta murƙushe ta. Ɗan baka na ƙasar Mafara mai shekara arba'in a wannan shekara, ka tambayi kanka ta wace fuska kibiyarsa ta tashi. Mai yiwuwa kwarin da ke gidanku ya yi wa Sakkwato aiki, ya kuma yi aiki a kanta. Wannan ba abin kunya ba ne a wurina. Talaka bayan sarkinsa yake bi.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, iyakar Ingila da Faransa ta raba Maraɗi da Katsina, hari ya mutu. Ganuwa ta zube ba mai gyarawa, mutane suka fantsama daji suka kafa ƙauyuka da tungaye a inda kakanninsu ba sa iya kwana. Abin da ke sa ni jimami shi ne a idonmu tafiyar ta juya, mutanen tunga suna kwashe kaya suna komawa manyan garuruwa.

Wannan ya kawo mu ga mai cewa kakanka ɗan sa-kai ne. Na gane abin da ya gani: manomi da makami, daji da mahara, hukuma a nesa. Wanda ya kwana a ƙaramar hukumar da aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ke sa mutum ɗaukar bindigar toka. Amma kama da wane ba ta wane. Abokin gaban ɗan baka yana da gari da sarki da tuta, ana iya aika masa manzo, a yi sulhu ya riƙe shekaru. A cikin ganuwar ribaɗi kuma Bafulatani da Bahaushe layi ɗaya suke tsayawa, maharin ne baƙo. Na yau rikici ne da ya tsaga maƙwabta, mutanen da suka ci kasuwa ɗaya. Sa'annan ɗan baka yana da na gaba da shi. Ba ya fita sai an buga ganga, akwai mai gari, akwai sarki, akwai alƙalin da aƙalla a ƙa'ida zai iya tuhumarsa. An sha karya ƙa'idar, na riga na faɗa, amma akwai ta. 'Yan sa-kai da yawa sun ba da rayukansu don garuruwansu, Allah ya jiƙansu. An kuma sha zargin wasunsu da kashe mutum a kasuwa ba shari'a, don kawai kamanninsa ko yarensa, kuma kowa a Zamfara ya san irin ramuwar da hakan ya jawo. Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Gusau a watan Janairun 2024, su fiye da 2,600, yunƙuri ne na sa wa wannan ƙarfi linzami. A ganina ma'aunin da za a auna su da shi ɗaya ne, wato in ɗayansu ya yi ba daidai ba, akwai wanda talaka zai kai wa ƙara a saurare shi ko babu.

Saura sunansa a rubuce. A nan zan ba ka haƙuri. A Amurka, manoman da suka yi irin wannan tsaro a bakin dazuzzuka lokacin yaƙinsu da Ingila, daga 1775 zuwa 1783, sun yi sa'a guda: a 1832 majalisarsu ta yi dokar ba da fansho ga wanda ya yi aƙalla wata shida, sai tsofaffi suka riƙa zuwa kotu suna ba da labarin inda suka yi gadi da wanda ya jagorance su, magatakarda na rubutawa. Jikokinsu na karanta takardun har yau. Su ma, in ka bincika, yawancin faɗan nasu da 'yan asalin ƙasar ne da ake ƙwace wa filaye, ka ga 'yancin wani ya sake zama asarar wani. Mu ba a yi fansho ba, don haka ba a yi rajista ba. Marubutan Sakkwato sun adana sunayen sarakuna da malamai da manyan shahidai, dakare kuwa sai dai a ce “jama'a da yawa”.

Abin da za ka iya samu shi ne labarin garin da na sarkin da ya bi. Gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato na da takardun Larabci da wasiƙun sarakuna. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna na da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta gunduma gunduma lokacin tsara haraji, kuma sukan fara da tarihin gari kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa musu. Dokta Garba Nadama, wanda ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tarihin Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977.

Amma kafin ka kashe kuɗin mota, fara da gida. Ka tambayi wane gari ya yi zaman, don mai yiwuwa daga baya aka dawo Ruwan Gizo. Ka tambayi wace ƙofa ko unguwa, bayan wane sarki ya fita, mene ne kirarinsa, wace irin tsaga ce a fuskarsa, ta Zamfarawa ko ta Burmawa ko ta Gobirawa, don tsaga takan faɗi abin da baki ya ɓoye. Ka je wurin maharba da maƙera da makaɗan fada, su ne ma'ajiyar irin wannan labari. Kada ka raina tsofaffin mata, sau da yawa su suka riƙe sunayen da maza suka manta. Ka ɗauki muryarsu a waya, ka rubuta ranar da sunan mai magana. In ka samo wani abu ka sake rubuto mana, kuma ka fara da wadda ta fi kowa shekaru a gidanku tun cikin makon nan.